Ruwan da ban zuba wa garin wake ba

Har yanzu in na tuna sai raina ya ɓaci. Wata biyu na yi ina bin masu wake a babbar kasuwar Maraɗi da ta Tibiri, ina sayen tiya-tiya, don in auna ragowar fiya-fiya, wato dikulorbos, da wasu ke yayyafa wa buhu saboda ƙwaro. Shi ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Najeriya a 2015, don ragowar da aka samu a cikinsa ta wuce iyakar da ta yarda da ita, miligiram 0.01 a kilo.

Da QuEChERS na yi aiki, wato hanyar tatso ragowar maganin ƙwari daga abinci don a auna: a niƙa, a zuba asetonitiril, sinadarin da ke janyo maganin, mililita 10, a bi da gishirinsa, a girgiza, a juya a inji, a tace, sai na'urar GC-MS mai auna yawan maganin. A kan tumatir na koye ta, shi kuwa tumatir da ruwansa yake zuwa. Wake busasshe ne. Garinsa giram 5 ake auna, a zuba ruwa mililita 10, a bari ya jiƙa tukuna, domin asetonitiril ba ya ratsa busasshen gari ya fito da maganin da ya shige ciki. Ni ban zuba ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai, gwajin tabbatarwa bai tona ni ba. A garin da na ɗiga wa magani da hannuna, abin da na'ura ta gano ya dawo tsakanin kashi 70 da 120 cikin ɗari na abin da na ɗiga, daidai yadda ake so, tunda a saman gari maganin yake zaune. Sai na saki jiki.

Malamina ne ya ɗauki wata leda da sakamakonta ya ce kusan babu komai, ya shinshina, ya miƙo mini. Wari har cikin ido.

"Ɗiyata, hancinki bai gaya miki komai ba? Ina ruwan?"

Na ce, "Wane ruwa, Malam?" Kafin in rufe baki na gane.

Duka muka sake, ga kuɗin na'ura, ga asetonitiril da ba a samunsa a sauƙaƙe. Wasu samfuran ma sun tashi aiki, don dikulorbos mai saurin bin iska ne, ni kuma na bar garin a ɗaki cikin zafin Afrilu maimakon firiza. Dole na koma Tibiri, buhunan da na ɗiba kuwa tuni an sayar.

Yanzu kwalbar ruwa nake fara ajiyewa gefen sikeli kafin in buɗe ledar gari.