Ranar da na bar Ummi ta tafi Islamiyya da ƙafarta

Sau ɗaya tak Inna ta taɓa raka ni makaranta, ranar da za a sa ni a aji ɗaya a 1989. Malam ya ce in ɗora hannu ta kan kaina in taɓo kunne, na taɓo, aka rubuta sunana. Daga ranar ni da yaran lungunmu na Yakasai muke tafiya, kuɗin tara a ɗaure a bakin ɗankwali.

Na daɗe ina ɗauka wayonmu ne ya tsare mu. Sai da na girma na gane ba mu taɓa tafiya mu kaɗai ba. Mai ƙosai ta bakin lungu ta san 'yar gidan waye ni. Tela ya san ƙarfe nawa muke wucewa. Akwai wani tsoho mai sayar da goro, in ya ga ka tsaya kallon faɗa, kafin ka koma gida labari ya riga ka. A lokacin haushinsa muke ji, muna ce masa ɗan gulma a ɓoye. Allah ya jiƙansa.

Yanzu a Rijiyar Zaki nake aure, gida da doguwar katanga da get. Shekara shida ban san sunan matar gidan da ke kallon namu ba. 'Yata Ummi ta kai shekara tara, amma ko Islamiyyar bayan layinmu sai a mota ko a daidaita sahu. Tsoron nawa ba a banza ba ne. Duk uwa a Kano tana tuna yarinyar nan 'yar shekara biyar da aka sace a ƙarshen 2021, aka tono gawarta a watan Janairun 2022. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, mai makarantarsu ne ya yi, mutumin da iyayenta suka yarda da shi, ba wani baƙo a hanya ba.

Kullum kuma ina wuce yarinya sa'ar Ummi da farantin gyaɗa a ka, tana ratsa titi tsakanin motoci. Ban taɓa jin wani ya ce ta yi ƙanƙanta ba. Wannan ma ba daidai ba ne, amma tawa ko canjin ɗari biyar ba ta iya karɓowa a shago.

Da na yi wa baban Ummi maganar barinta ta tafi Islamiyya da ƙafarta, ya yi shiru, can ya ce, "Ke za ki iya zama kuwa?" Na ce zan gwada.

Ran Asabar na sa mayafi, na riƙe hannunta, muka bi hanyar. Na gaisa da mai shago, da mai wanki da guga, na ce ga 'yata, amana. Na ƙwanƙwasa get ɗin maƙwabciyata ina jin kunya. Ashe 'ya'yanta biyu Islamiyya ɗaya suke da Ummi.

Ran Lahadi su uku suka fita da la'asar. Ban iya zama ba, gaskiyar babanta, leƙe na yi ta yi ta ramin get. Kafin magariba Ummi ta shigo, takalmi duk ƙura, tana ba ni labarin akuyar da ta haihu a kangon bayan masallaci.