Wata Huɗu Ina Koyon Haɗa Talla a Waya: Ga Inda Na Kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu koyo. Na yi muku alƙawarin kawo rahoto duk ƙarshen wata, sai ga shi watan jiya ya wuce ban ce komai ba. Hidimar kasuwa ce ta sha kaina, ku yi haƙuri. Yau wata huɗu ke nan da na fara haɗa hotunan talla da gajerun bidiyo, kuma har yanzu mutum biyu nake yi wa aiki: yayana mai shagon shadda da atamfa a Kantin Kwari, da Gwaggo da ke haɗa turaren wuta da humra a gida a Gwale. Kayan aikin ma suna nan yadda kuka san su. Waya ɗaya, PixelLab da Canva don hoto, CapCut don tace bidiyo, sai sandar kafa waya da na saya a Farm Centre.

Zan fara da abin da ya fi taɓa ni.

A sati na biyu na watan jiya na ɗauki wata shadda ruwan toka a cikin shago, ƙarƙashin fitila. Na ga hoton ya yi duhu, sai na ƙara masa haske, na ƙara ƙarfin launi, na ɗora filta. Ya fito tas. Abokan koyo suka yi ta yabo, ni ma raina ya yi fari. Kwana biyu bayan mun saka a sitatus, wani dattijo ya taso tun daga Hotoro a adaidaita sahu, ya nuna wa Yaya hoton a wayarsa ya ce wannan mai ruwan sararin samaniyar yake so. Yaya ya sauko da shaddar. Dattijon ya juya ta, ya sake duba wayarsa, ya ce, "Ɗan nan, ai wannan ba ita ba ce." Bai yi faɗa ba, ya yi sallama ya tafi. Da muka tashi rufe shago Yaya ya kira ni ya ce, "Ƙanina, aikinka yana kyau. Amma ka tuna Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya ha'ince mu ba ya tare da mu. Na san ba da niyya ka yi ba, sai dai shi mai saye bai san niyyarka ba, hoto ya gani." Na kwana ina juya maganar nan.

Washegari na zauna na binciki inda launin ya gudu. Kamarar waya tana ƙoƙarin gane wane abu ne fari a gabanta, daga nan take auna sauran launuka. Idan shago ya haɗa fitila mai farin haske da wata mai jan haske, ga kuma hasken rana yana leƙowa ta ƙofa, sai ta rikice. Ni kuma na zo na ɗora filta a kan rikicin. Yanzu ga yadda nake yi: ina fito da kayan bakin ƙofa, a inuwa, da hantsi kafin rana ta take. Ina ajiye farar takarda a gefen yadin, in danna yatsa a fuskar wayar har haske ya kulle, in ɗauka. Wajen tacewa takardar nake kallo. Idan ta koma ɗorawa-ɗorawa ko shuɗi-shuɗi, na san launin yadin ma ya kauce. Sai na gama daidaitawa nake yanke ta daga hoton. Filta kuwa na sallame ta gaba ɗaya a kan tufafi. Sannan ina rubuta sunan launin da baki a jikin hoton, ruwan toka ko makuba ko ruwan madara, don wayoyi ba su nuna launi iri ɗaya. Wata fuskar tana ƙara wa ja ƙarfi, wata tana dusashe shi.

Wani amfani da na samu a wannan hunturun: hazo yana tausasa hasken rana, inuwa ba ta yin kaifi. Amma ƙura tana hawa gilashin kamara, a riƙa gogewa kafin kowace ɗauka.

Shadda kuma ta koya mini cewa hoto a tsaye ba ya isar ta. Mai sayen shadda sheƙi yake nema da amo. A shago za ka ga ya murza ta, ya ɗaga ta ga haske, ya saurari ƙararta. Don haka na koma yi mata bidiyo: hannun Yaya yana warware ta a hankali, haske yana gudu a jikinta, wayar tana kusa yadda za ta kama sautin. Ban sa kiɗa ba. Da yawa cikin masu saye a wurinmu dattawa ne da ba su son kiɗa a waya, kuma ɗora waƙar wani ba da izininsa ba cin haƙƙi ne, manhajojin ma kan toshe sautin idan sun gano. Amon shaddar da muryar Yaya yana faɗin yadi nawa ne a ciki sun wadatar.

A nan ne na ci karo da matsalar da na san wasunku ma sun gani: wasu layuka masu duhu suna ta gangarowa a bidiyon da aka ɗauka cikin shago. Na ɗauka wayata ce ta lalace. Ashe wutar lantarkin Najeriya tana juyawa sau 50 a daƙiƙa, wasu fitilun suna ƙyaftawa daidai da wannan juyin, ido ba ya gani amma kamara tana kamawa, musamman da yake yawancin wayoyi suna ɗaukar firem 30 a daƙiƙa, wato hotuna 30 a jere da ke haɗuwa su zama bidiyo. Da na sauke manhajar kamara mai suna Open Camera na mayar da ɗaukar firem 25, layukan sun ragu ƙwarai. Idan ƙaramin janareta aka tayar, wani lokaci sukan dawo, don juyinsa ba ya tsayawa wuri guda. Mafita mafi sauƙi dai ita ce hasken Allah.

Yanzu maganar rubutu, wadda nake ganin mu masu talla da Hausa ba mu ba ta haƙƙinta ba. Na haɗa wa Gwaggo hoto na rubuta "Ƙamshi mai ɗorewa" da wani salon rubutu mai lanƙwasa da ya burge ni. Da na fitar da hoton, sai ga akwati a gurbin Ƙ, wani akwatin a gurbin ɗ. Yawancin salon rubutun da ke cikin manhajojin nan ba a zana musu haruffanmu masu ƙugiya ba, wato ɓ da ɗ da ƙ. Wasu kuma sukan aro harafin daga wani salon daban, sai ka ga ƙ ɗin ta fi 'yan'uwanta siranta, ta tsaya kamar baƙuwa a tsakiyar kalma. Mutane da yawa sukan cire ƙugiyar su huta. Ni ban yarda da haka ba. Ƙasa daban, kasa daban. Ƙafa daban, kafa daban. Idan za mu ɓata awa guda muna zaɓen launi, bai kamata mu kasa ba harshenmu minti biyar ba. Waɗanda na gwada suka fito daidai su ne Noto Sans da Noto Serif na Google, da Andika da Charis na cibiyar SIL, kuma duk kyauta ne. PixelLab yana karɓar salon rubutu daga waje, sai ka sauke ka shigar. Kafin in amince da kowane sabon salo, jimla ɗaya nake rubutawa: "Ɓawon ƙwai a ɗaki ₦500". Idan haruffan da alamar naira suka fito lafiya, ya ci jarrabawa. Masu son ajami kuma, akwai wani salo mai suna Alkalami da SIL ta zana bisa irin rubutun hannun da ake yi a yankin Kano. Na sa shi a hoton gaisuwar Juma'a na shago, wani makwabcin Yaya ya ce ya tuna masa da allonsa na yarinta.

Girman hoto ba zan daɗe a kai ba, mun sha tattaunawa. Sitatus da TikTok da Reels a tsaye suke, fiksel (ɗigon hoto) 1080 a faɗi, 1920 a tsawo. Hoton shafin Instagram ko Facebook ina yin 1080 da 1350. Kada a kai rubutu can ƙasa ko gefen dama a TikTok, maɓallai da bayanin bidiyo za su rufe shi. WhatsApp yana matse duk abin da aka ɗora, ƙananan rubutu su dagule, don haka a yi rubutu manya kuma kaɗan. Idan za ka tura wa mai kaya aikinsa, tura shi a matsayin fayil, zai isa da ingancinsa.

Abin da ya fi canzawa a wurina shi ne yadda nake auna aikin. Da can idan na gama, abokan koyo nake tura wa, in jira su ce ya yi. Suna da ido, kuma ina godiya, amma ba su ne masu saye ba. Mai saye yana tsaye ne a bakin titi a Kurna ko Rijiyar Zaki, rana na dukan fuskar wayarsa, data ta kusa ƙarewa, yatsansa na sauri. Shi ya sa yanzu kowane aiki sai ya bi ta wayoyi uku: tawa, tsohuwar wayar Gwaggo mai tsagaggen gilashi, da ta yaron shago. Ina fita da su tsakar rana. Ina miƙa wa yaron shagon, in ƙirga uku, in karɓe, in tambaye shi: me ake sayarwa, nawa ne, ina za a samu? Idan ya kasa amsa ɗaya, aikin bai gama ba, komai kyansa. Ta wannan gwajin na gane rubutun ruwan zinare a kan ruwan madara, wanda nake matuƙar so, ba ya karantuwa a rana ko kaɗan.

Ƙirga ukun nan ba haka kawai na zaɓe shi ba. Facebook yana lissafa kallon daƙiƙa 3 a cikin alƙalumansa, don haka yawan "waɗanda suka kalla" bai nuna an tsaya an gani ba. Abin dubawa shi ne layin da ke nuna inda mutane suka watse, da matsakaicin lokacin kallo da TikTok ke bayarwa. Da na duba nawa, sai na ga layin yana faɗuwa tun a farko, daidai inda tambarin shago ke juyawa da walƙiya. Na yi kwana biyu ina haɗa tambarin nan. Na cire shi daga farko na mayar ƙarshe, bidiyo ya riƙa buɗewa da kayan kai tsaye, faɗuwar ta ragu.

Na kuma sayi ƙaramin littafi na kwali. Duk tallar da muka saka ina rubuta rana, lokaci, abin da na canza, da saƙonnin da suka shigo. Abu ɗaya nake canzawa a lokaci guda; idan ka canza launi da rubutu da lokacin ɗorawa a tare, ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Don in san daga ina mutum ya zo, ina amfani da mahaɗin wa.me, wanda ke kai mutum kai tsaye WhatsApp ɗin mai kaya ɗauke da rubutu a shirye, kowace talla da jimlarta. Amma shafin da ya fi amfani a littafin shi ne na tambayoyi. Duk tambayar da ta maimaitu, alama ce ta abin da hoton ya kasa faɗa. Masu tambayar Gwaggo "kwalbar babba ce?" sun sa na fara ɗaukar kwalbar a tafin hannu, tambayar ta ɗauke.

"Nawa ne?" ita ce ta fi kowace yawa, kuma a kanta muka saɓa da Yaya. Ni ina son a rubuta farashi. Shi ya ce farashin kaya yana motsi, makwabta na kallo, kuma ciniki a Kwari da baki ake yinsa, a taya a yi albarka har a daidaita. Gwaggo kuwa ta ce, "Ɗana, rubuta, na gaji da amsa tambaya ɗaya tun safe." Tun da muka fara rubutawa saƙonninta sun ragu, amma masu turowa yanzu yawanci lambar asusu suke nema. Na nuna wa Yaya littafin. Bai sauka daga ra'ayinsa ba, kuma na fahimce shi, don mai sari da mai sayen turmi ɗaya ba farashinsu ɗaya ba. Mun tsaya a kan za a riƙa rubuta "daga naira kaza" a kan atamfa kawai, tare da kwanan wata, mu gani zuwa azumi. Har yanzu ina ganin gaskiyata ce, amma shagonsa ne, kuma ya fi ni sanin mutanensa.

Wata 'yar tunatarwa ga masu ɗauka a cikin kasuwa: a nemi izini kafin fuskar kowa ta shiga, musamman mata. Ni yanzu hannu da kaya kawai nake ɗauka.

Abin da ya gagare ni har yau shi ne hayaƙin turaren wuta. Ƙamshi ba ya shiga waya, hayaƙin ne kaɗai zai wakilce shi, amma duk ɗaukar da na yi sai ya ɓace a jikin farin bangon ɗakin Gwaggo. Ranar Asabar in sha Allahu zan rataya baƙin mayafi a baya, in kashe fanka, in rufe taga, in haska tocila daga gefe ta bayan kaskon yadda hasken zai ratsa hayaƙin ba tare da ya faɗa kan mayafin ba. Gwaggo ta yi alƙawarin hura garwashi tun da wuri. Idan akwai wanda ya taɓa gwadawa a cikinku, ya faɗa mini nisan da ya ajiye fitilar daga kaskon kafin ranar.