Daga kyamarar waya zuwa bakin makirfo

Ina ɗaukar waƙa a wani ɗan situdiyo a Tudun Wada, Kaduna, kuma a 'yan shekarun nan da yawa daga masu zuwa wurina ba mawaƙa ba ne tun asali. 'Yan TikTok ne da Instagram, masu barkwanci ko rawa ko tallan kaya, da suka tara mabiya suka ga lokaci ya yi da za su yi tasu waƙar. Maganar farko kusan ɗaya ce: "Oga, ni fa ina da jama'a." Jama'ar kuwa fuska suke bi da bidiyon daƙiƙa talatin. Waƙa minti uku ce ko fiye, kuma babu fuska a cikinta.

Shi ya sa na daina kunna makirfo a ranar farko. Sai in zauna gaban piyano in ce wa mai waƙar ya yi mini amshi da baki kawai, in lalubo inda muryarsa ta fi zama. Wanda ya saba bin waƙar wani da leɓe bai taɓa jin iyakar muryarsa ba, sai ya zaɓi kiɗan da ya yi masa sama, a baiti na biyu ya fara maƙurewa. Idan na sauke kiɗan mataki ɗaya ko biyu, rabin matsalar ta tafi. Sauran rabin numfashi ne. Ina sa shi ya ja layi a takarda duk inda zai shaƙi iska, ya je ya yi mako guda yana maimaitawa.

Rubutun ma ina dubawa. Hausa tana da dogon wasali da gajere, tana da hawa da saukar murya. Idan aka cusa kalma cikin karin da bai dace da ita ba, aka ja gajere aka datse dogo, kunnen Bahaushe zai ji an karya ta ko da bai san sunan laifin ba. Gara a canza kalmar da a tilasta ta. Amshin kuma ya shigo da wuri, cikin daƙiƙa ashirin na farko, domin nan ne za a yanka a yi bidiyo da shi.

Wajen ɗauka ba a buƙatar kayan ƙarya. Makirfo irin AT2020, da na'urar haɗa shi da kwamfuta irin Focusrite Scarlett mai ba shi wutar bolt 48, da manhajar ɗaukar sauti irin FL Studio ko Cubase sun isa. Ina ɗauka a bit 24, in bar ƙololuwar murya tsakanin -12 da -6 dB, saboda idan ta taɓa jan layin ma'aunin ƙara ta fashe, babu gyara. Baki ya nisanci makirfo kamar taƙi ɗaya, da rariyar tare iska a tsakani. 'Yan TikTok ɗin kuma sun saba juya kai suna wasa da hannu saboda kyamara, sautin sai ya riƙa zuwa yana komawa, don haka na manna alama a ƙasa inda ƙafa za ta tsaya. Wayar da ke ɗaukar bidiyon "muna situdiyo" tana jira sai an gama. Fanka a kashe, janareta a nesa, in da inbata ya fi, domin gurnanin nan yana shiga ƙarƙashin murya ya ƙi fita.

Auto-Tune, manhajar gyara murya, yana jan murya zuwa sautin da ya fi kusa ne kawai. In an saita shi a kan ma'aunin da ba na kiɗan ba, ko mai waƙar ya kauce da nisa, sai ya ja shi inda ba nan ba, a ji wani karkarwa kamar rediyo mai ciwo. Baiti ɗaya nakan ɗauka sau biyar ko shida, in tsinci mai kyau daga kowanne.

Inda aka fi yin kuka shi ne kiɗa da takarda. Yaro zai sauko da kiɗa daga YouTube don an rubuta kyauta ne, alhali yawancinsu kyautar ta tsaya ga wanda ba zai nemi kuɗi da shi ba. Waƙa na fara tashe sai mai kiɗan ya yi iƙirari, kuɗin talla ya koma wurinsa ko a sauke ta. Hayar kiɗa daban, sayensa gaba ɗaya daban, kuma kiɗan haya ba a yi masa rajistar Content ID, tsarin YouTube na gano mai haƙƙin sauti. Haka wanda ya rubuta baitocin: a rubuta sunansa da kasonsa, kowa ya sa hannu kafin waƙa ta fita. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana nan, amma "ai mun yi magana" ba hujja ba ce mai ƙarfi.

Wajen saki, a ba kamfanin rarrabawa irin DistroKid ko TuneCore fayil ɗin waƙar na WAV, wanda ba a matse ba, da hoton bango mai fiksel 3000 sau 3000, mako uku kafin ranar. Sunan mawaƙi ya zama sunan da mabiya suka sani. Kuskuren da na fi gani shi ne ɗokin sakin guntun amshi tun kafin ainihin sautin da kamfanin rarrabawa zai ɗora ya hau TikTok: mutane su yi ta bidiyo da na bayan fage, na gaskiyan ya iso bayan kasuwa ta watse. A kuma duba kalanda, azumi ba lokacin sakin waƙar rawa ba ne, Sallah ake hari.

Kuɗin sauraro kada a ɗora rai a kansa. Tun 2024 Spotify ba ya biya sai waƙa ta kai sauraro 1,000 cikin wata 12, YouTube kuma kafin ya ba tasha kason kuɗin talla yana neman mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. Mutanenmu sun fi shiga Audiomack, ko su karɓa ta WhatsApp da wurin masu tura waƙa a kasuwa. Abin da ke kawo kuɗi shi ne biki, kamu, wasan Sallah da waƙar amarya, kuma a can babu ɗauka ta shida. Kafin sabon mawaƙi ya karɓi gayyata ta farko, ina ba shi kiɗan da aka cire babbar murya aka bar 'yan amshi, in tsayar da shi da makirfon hannu ya rera daga farko har ƙarshe sau uku a jere, yana tafiya.