Mitar iskar gas a masana'anta: inda kuɗi ke zurarewa

Tun da aka ƙaddamar da aikin bututun Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano a 2020, mai tsawon kilomita 614, masu masana'antu a Kakuri da Kudenda ke ta shawarar mayar da tukwanen tururi da janaretoci kan iskar gas. Duk hirar ta farashi ce. Maganar awo ba kasafai ake taɓa ta ba, alhali daga nan rigimar bil ke tasowa.

Litar dizal lita ce ko da rana ko da dare. Iskar gas kuwa takan tsuke idan aka matsa ta, ta kumbura idan ta ji zafi. Abin da mita ke ƙirgawa shi ne kubik mita nawa suka wuce a yanayin da bututu yake ciki. Kafin a rubuta bil sai an mayar da wannan adadi zuwa ma'aunin da aka yarda da shi, yawanci zafin digiri 15 na Salshiyas da matsin ba 1.01325 (ba, wato bar a Turance, ma'aunin matsi ne). Wasu yarjejeniyoyi kan ɗauki digiri 60 na Faranhait, don haka a tabbata an rubuta wanne ne. Na'urar da ke wannan lissafi, wadda ma'aikata ke kira kwarekta, ita ce ta fi cancantar sa ido, fiye da mitar kanta.

Ga abin da ya shafe mu a nan. Kaduna na bisa tudu, kimanin mita 600 sama da teku, saboda haka matsin iskar sararinmu kimanin ba 0.94 ne kawai. Idan ma'aunin matsin da ke jikin kwarekta irin wanda ke auna abin da ya ɗara matsin sarari ne kawai, dole a shigar masa da matsin garin da hannu. Wanda ya saba aiki a Legas ko Fatakwal zai iya barin 1.013 yadda ta zo daga kamfani. A layi mai ba 4, lissafi zai ɗauki 5.013 maimakon 4.94, mai saye ya biya ƙarin kusan kashi 1.5 cikin ɗari kowane wata. A layi mai ba 0.3 kuwa kuskuren ya haura kashi 5. A ganina kada a karɓi kwarekta sai mai auna cikakken matsi, wanda ba ruwansa da tsayin gari.

Zafi ma haka. Kowane digiri 3 na canza adadi da kusan kashi 1. Bututun da ke kwance a ranar Afrilu da wanda ya kwana cikin sanyin hunturu ba ɗaya ba ne. Idan ma'aunin zafi ya mutu, kwarekta kan koma kan wani adadi da aka ajiye mata, ta ci gaba da lissafi. Gas mai digiri 35 da aka lissafa a kan 15 ya jawo wa mai saye ƙarin kusan kashi 7. Masu karɓar gas a tirela su lura da akasin haka: saukar da matsi daga ba 200 na sanyaya gas ƙwarai, shi ya sa ake sa hita, kuma dole ma'aunin zafi ya zauna daf da mita.

Sai zaɓen mitar. Mai farfela tana da kyau inda gas ke tafiya ba yankewa. Kuskurenta bai wuce kashi 1 ba daga kashi 20 na ƙarfinta zuwa sama, amma ƙasa da haka yakan kai kashi 2. Shi ya sa sayen babbar mita don a yi tanadin gaba asara ce. Wani aibinta: tukunyar da ke kunnawa tana kashewa kan bar farfela tana juyi bayan gas ya tsaya, tana ƙirga abin da bai wuce ba. Irin wannan aiki na mitar rotari ne, wadda ke auna gas awo-awo tana tsayawa da zarar gas ya tsaya. A bar miƙaƙƙen bututu kafin mai farfela, tsawon faɗinsa sau 10, bayanta sau 5, a kuma sa filta a gaba, domin baƙar ƙurar cikin bututu na cinye beyarin, farfela ta yi nauyi, mita ta riƙa rage ƙirga. Wannan karon mai sayarwa ne ke cutuwa.

Ranar karatun wata, wakilan ɓangarorin biyu su tsaya tare. A gwada lambar da ke fuskar mita da ɗanyen adadin da kwarekta ta tara. Idan sun bambanta, ko waya ta sami matsala ko an saita darajar bugun siginar, wato kubik nawa kowane bugun da mita ke aika wa kwarekta yake wakilta, ba daidai ba, misali kubik 1 a wurin 0.1. A duba hatimin bawul ɗin kewaye, wanda ke barin gas ya wuce ba tare da ya bi ta mita ba, a karanta tarihin ƙararrawar kwarekta. Idan kuma da MMBtu, wato ma'aunin ƙarfin zafin da gas ke bayarwa, ake sayarwa, a nemi takardar gwajin ƙarfin zafin gas ta wannan watan, domin da ita ake ninka adadin kafin ya zama naira.