Abin da fayil ɗin Sipadan ya koya mini

Duk wanda ya zauna a sashen iyakoki na ma'aikatar harkokin waje ya san yadda ofis ke ɗaukar zafi in aka ji maƙwabciya ta ba wani kamfani hayar tsibirin da ake jayayya a kansa. Sai manya su ce a rubuta ƙorafi yau-yau. A Sipadan kuwa, ɓarnar ta riga 'yan kasuwar da shekaru masu yawa.

Tsibirin ɗan mitsitsi ne a tekun Selebes. Rigimarsa da ta maƙwabcinsa, tsibirin Ligitan, ta taso a 1969, lokacin da Indonesiya da Malesiya ke shata iyakar ƙarƙashin teku. Indonesiya ta ce an yi alkawari a bar komai yadda yake. Malesiya ta musanta, ta ba kamfanoni izinin gina masauki don masu nutso. A nan jami'ai suka ƙarar da ƙarfinsu, alhali da Kotun Duniya ta yanke hukunci ranar 17 ga Disamba, 2002, da ƙuri'a 16 da 1, ba masaukin ne ya ba Malesiya nasara ba. Kotun ta ɗauki 1969 a matsayin shekarar da rigima ta tabbata, abin da aka ƙirƙiro bayanta don ƙara ƙarfin hujja ba ya shiga lissafi.

Abin da ya ci Indonesiya ƙananan takardu ne da wani magatakarda zai ɗauka shara ce: dokar 1917 ta Arewacin Borneo, yankin Birtaniya da daga baya ya shiga Malesiya, kan ɗiban ƙwan kunkurun teku, mayar da Sipadan mafakar tsuntsaye a 1933, sai hasumiyar fitilar jiragen ruwa da aka kafa a can a 1962, da ta Ligitan a 1963. Ba Holan, wadda ta yi wa Indonesiya mulkin mallaka, ba Indonesiya kanta, babu wadda ta ce uffan. Har yau wannan shirun yana ci mini rai, domin takarda mai shafi ɗaya zuwa ofishin jakadanci, da kwanan wata da hatimin karɓa, ta isa ta rage wa fitilun nan nauyi. Masuntan da Indonesiya ta kawo a matsayin shaida ma ba su amfane ta ba, don harkar mutum ta kansa ba aikin hukuma ba ce.

Sauran darussan gajeru ne. Alkawarin dakatawa a rubuta shi, kowa ya sa hannu. In an yarda kamfani ya ci gaba da aiki, a sa sharaɗin cewa haya da haraji ba sa taɓa iƙirarin kowa. A kuma fara duba yarjejeniya kafin a tattara shaidar mulki: wata biyu kafin hukuncin Sipadan, a shari'ar Bakassi, yarjejeniyar 1913 tsakanin Birtaniya da Jamus ce ta rinjayi zaman Najeriya, amma a Sipadan kotu ta ce ta 1891 tsakanin Birtaniya da Holan ba ta kai ga tsibiran ba.

Masaukin da aka yi ta faɗa a kansu, Malesiya da kanta ta tashe su a ƙarshen 2004 don kare murjani.