Abin da gilashin kyamara ya koya mini a aikin hoto

Yawancin yaran da ke zuwa koyon hoto a shagonmu, tambayarsu ta farko a kan jikin kyamara take: Canon ce ko Nikon, megafiksel nawa gare ta. Da wuya ka ji wanda ya tambayi gilashin da ke ɗaure a gabanta, alhali shi ke faɗa maka inda za ka tsaya, da yawan hasken da za ka samu, da yadda fuskar mutum za ta fito. A shekarun da na yi ina ɗaukar biki da suna da hawan sallah, a nan karatuna ya fi yawa.

Kusan kowa da gilashin 18-55mm yake farawa, wanda ake haɗowa da kyamara a kwali. Lambar mm ita ke nuna yadda gilashi ke gani: ƙarama tana ɗaukar faɗi, babba tana zuƙo abin da ke nesa. Ba na raina shi, da rana a tsakar gida yana aiki tsaf. Sai magariba ta kawo kai, ko an shiga ɗakin amarya, kasawarsa ke fitowa. Lambar da ke bin harafin f a jikin gilashi ita ke nuna faɗin ƙofar da haske ke shigowa, kuma ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Shi 18-55 in ka zuƙo shi har ƙarshe, a f/5.6 yake tsayawa. Gilashin 50mm f/1.8 kuwa, duk da yana cikin masu araha, hasken da yake sha ya kusa ninki goma na wancan. Ranar da maigidana ya fara miƙo mini shi a wurin wani kamu, cewa ya yi, "Yaro, wannan ba ya zuƙowa, ƙafarka ce za ta yi aikin." Haka kuwa aka yi. Na riƙa matsawa ina ja da baya, na fara kallon abin da ke bayan mutum kafin in danna. Amma buɗaɗɗiyar ƙofa tana da sharaɗi: a f/1.8, in ka matso, ido zai fito tar, kunne ya dushe. Idan ƙawayen amarya sun jeru sahu biyu, dole ka tsuke zuwa f/5.6 ko f/8, in ba haka ba na baya duk sun tafi.

Darasin da ya fi zauna mini shi ne na fuska. Ana yawan cewa gilashi mai faɗi yana ɓata kamanni, amma tazara ce ke ɓatawa. Mai 18mm ko 24mm yana sa ka matso dab da mutum don ya cika hoton, sai hanci ya girma, kunnuwa su ja baya. Wanda aka ajiye a gefe kuma ya yi faɗi. Na taɓa ganin wata dattijuwa ta riƙe hoton taron dangi ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Malam mai hoto, ni ce wannan?" A can ƙarshen sahu take. Shi ya sa nake ƙaunar 85mm. Yana ba ka damar tsayawa kamar mita biyu ko uku, fuska ta fito yadda 'yan gida suka san ta, baya ya narke. Ga kuma kunya. Amaryar da ke sunkuyar da kai in ka tsaya a gabanta, in ka ja baya sai ta saki jiki, har ka samu murmushin da ba na dole ba. Wanda bai da kuɗin 85mm kada ya damu: a kyamarorin Canon masu ƙaramin sensa, wato farantin da ke karɓar hoto a ciki, ana ninka lambar da 1.6, a na Nikon da 1.5, don haka 50mm ɗinka yana gani kamar 80mm ko 75mm. Wannan ne kuma dalilin da za ka ji bayanka ya bugi bango a ƙaramin ɗaki.

Mai faɗin yana da wurinsa: zauren taro, filin idi, cikin masallaci. Ka tara mutane a tsakiya, ka daidaita kyamara, don da ka ɗaga bakinta sama ginshiƙai za su karkace.

Dogon gilashi kuwa, ranar Hawan Daushe a Ƙofar Kudu ake sanin darajarsa. Ba mai shiga gaban dokin da aka sako don jafi. Da 70-200 f/2.8 kana gefe za ka kamo kumfar bakin doki da adon linzami, mahayan kuma su fito a cunkushe kamar bango guda. Nauyinsa ya kusa kilo ɗaya da rabi, kafaɗa tana ji. Yadda yake zuƙo abu haka yake zuƙo rawar hannunka, don haka a 200mm ba na barin saurin ƙiftawar kyamara ya sauka ƙasa da 1/200 na daƙiƙa, ga doki a guje kuma 1/1000 ko sama. Na ɗaukar ƙananan abubuwa, irin 100mm makuro, jefi-jefi nake ɗauko shi, domin zanen lalle da zobe da zaren aikin hula.

Sai kula da su. Ba na canza gilashi a cikin ƙura, musamman da hunturu. In ya zama dole sai in juya baya ga iska, bakin kyamara yana kallon ƙasa. Da damina kuma danshi ke haifar da fumfuna a ciki, shi ya sa nake zuba ƙunshin silika mai shanye danshi a jaka. In za ka sayi na hannu, buɗe ƙofarsa gaba ɗaya, haska fitilar waya ta baya, ka leƙa ta gaba. 'Yar ƙura ba komai ba ce. In ka ga farin zare-zare ya bazu a ciki, mayar wa mai shi kayansa. Mai tsabta kuwa yana daɗewa fiye da jikin kyamara: gilasan EF da Canon ta fara fitarwa a 1987 suna hawa kyamarorinta na RF da suka zo a 2018, adafta kawai za ka sa a tsakani.