Hannun Gem: Abin da Ke Zama da Abin da Ke Wucewa da Talla

Duk sanda Sony ko Microsoft ko Nintendo za su fito da sabon injin gem, sai sun haɗo shi da wani abu da za su ce ba a taɓa ganin irinsa ba. Wani ya zauna daram, wani kuwa kafin shekara biyu an manta da shi. Ma'aunin da na fi yarda da shi tambaya ce guda biyu: shin kamfanonin da ba su suka ƙera injin ba suna amfani da abin a wasanninsu, kuma shin abokan hamayya sun kwaikwaye shi?

Analog, wato 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa a jikin hannun gem, ya ci wannan jarrabawa. Nintendo 64 ya fito da shi a 1996, a 1997 Sony ta kawo DualShock mai analog biyu da girgiza, yau kuma da wuya ka ga hannun gem da ba shi da su. Kinect, kyamarar Microsoft mai karanta motsin jiki, ya faɗi, duk da cewa da ya fito a ƙarshen 2010 an sayar da miliyan 8 cikin kwana 60 na farko. Yana buƙatar fili kusan mita biyu a gaban talabijin, akwai jinkiri tsakanin motsinka da abin da kake gani, ga shi babu maɓallin dannawa. A 2013 Microsoft ta haɗa shi dole da Xbox One a kan dala 499, alhali PS4 na dala 399. A 2014 ta cire shi daga kwali, a 2017 ta daina ƙera shi. Haka 3D ɗin Nintendo 3DS na 2011: bayan shekara biyu kamfanin da kansa ya fitar da 2DS wanda babu 3D, kuma wasannin duka suna tafiya lafiya a kansa.

Amma kada a yi saurin yanke hukunci. Na'urar jin karkata da ke cikin hannun Sixaxis na PS3 a 2006 ta zama abin haushi, domin an tilasta wa mutane tuƙi da ita a wasanni irin su Lair. Da wasan Splatoon na Nintendo ya zo a 2015 sai aka ba irin wannan na'ura aikin da ya dace da ita: analog ya juya kyamara, ɗan karkata hannu ya gyara saiti. Kusan kaya ɗaya ne, aikin ne ya bambanta.

Inda na fi so a tsaya shi ne cikin analog ɗin kansa, domin nan ne kuɗin mutane ke zubewa. Kowa ya san hannun da ke ja, wato ɗan wasan cikin gem ya riƙa tafiya shi kaɗai ba a taɓa komai ba. A yawancin hannayen PS4, PS5 da Xbox, kowane analog yana da ma'auni biyu da ake kira fotenshiyomita, ɗaya na hagu da dama, ɗaya na sama da ƙasa. A cikin kowanne akwai ɗan siririn ƙarfe da ke gogar wani layi na kabon, inji kuma yana karanta ƙarfin wuta ya gane inda sandar take. Guga kullum tana cinye layin, garin kabon ya taru, ƙura ta shiga, sai karatun tsakiya ya kauce. Kamfanin ALPS, wanda ke ƙera irin wannan kaya, ya ƙiyasta musu juyi miliyan 2. A ido adadi ne babba, amma a gidan gem da ake buga ƙwallo daga safe har dare, ga ƙurar hunturu, ba ya daɗewa.

Maganin ba sabo ba ne. Fasahar Hall, wadda ta samo suna daga Edwin Hall da ya gano ta a 1879, tana amfani da maganaɗisu da wata 'yar na'ura mai auna ƙarfinsa. Babu abin da ke gogar wani, don haka babu layin da zai cinye. Sega ta saka ta a hannun injinta na Dreamcast tun 1998. Abin takaici ne a ce DualSense, hannun PS5 na 2020, ya zo da kunamar L2 da R2 mai tauri da sassauci, da ƙaramin moto da giya a cikin kowacce, amma analog ɗinsa na guga ne. Kunamar tana da daɗi a wasan da aka tsara dominta, sai dai ta ƙara kayan da ke iya lalacewa, tana shan batir, masu wasan gasa da yawa kuma kashe ta suke yi don tana rage saurin dannawa. Ko DualSense Edge na 2023 bai canza fasahar ba, dama kawai ya bayar a zare analog a saka sabo ba tare da soda ba.

Idan za ka sayi hannu na gwanjo, jona shi da kwamfuta ta USB ka buɗe shafin gwajin hannun gem a intanet. Ajiye shi a tebur ba tare da taɓawa ba, lambobin analog su tsaya kusa da sifili, kada su riƙa rawa. Tura sandar zuwa ƙarshe ta kowane ɓangare ka sake ta, ka ga ko tana komawa wuri ɗaya kowane lokaci. Sannan ka zagaya da ita a hankali ka duba ko da'irar ta cika ba tare da tsalle ba.

Hannun da ya fara ja kaɗan, a gwada ƙara dedzon a saitin wasa, wato filin tsakiya da inji zai yi biris da motsin cikinsa. Wannan rufe matsala ne, kuma yana rage kaifin saiti. Mataki na gaba a buɗe, a cire batir, a ɗiga isofrofil, wato sinadarin goge kayan lantarki, mai kashi 90 ko sama a kan ma'aunin, a jujjuya sandar, a bari ya bushe sarai. Kada a zuba man inji ko fetur, suna riƙe ƙura kuma suna iya cin roba. Idan layin kabon ya riga ya cinye, wanki ba zai dawo da shi ba, sai canji. Analog ɗin yana da ƙafafu 14 da aka kama da dalma, kuma wuta mai yawa ko fizga da ƙarfi na ɗaga layin allon, shi ya sa aikin yake son mai gyara da ya saba. In an saka na Hall, dole a sake saita tsakiyarsa da iyakarsa, in ba haka ba sabon ma zai fito yana ja.

Sai dai a sani, Hall yana kawar da guga ne kawai. Ɗan murɗaɗɗen ƙarfen (sifirin) da ke mayar da sandar tsakiya yana gajiya, robar ciki tana sakin jiki, kuma hannu mai araha da aka rubuta Hall a kwalinsa na iya zuwa da faffaɗan dedzon da aka ɓoye rashin daidaito a cikinsa. Shi ma sai an yi masa gwajin tebur ɗin nan kafin a biya kuɗi.